Hannu Ɗaya Ba Ya Musabaha

Shekara goma sha huɗu ina rubuta ta
a allon aji biyar, a Kumo:
ɗauki yawan mutane, ninka shi da wanda ke ƙasa da shi,
ka raba biyu,
adadin musabahar da za su yi ke nan.
Yara su kwafa, su haddace kamar karatun aku,
ranar jarrabawa su amayo mini,
ni kuma in ja jan biro, in ce madalla.

Sai wata Talata, zafi ya dafa kwanon rufi,
Lamela, da ke zaune can baya kusa da taga,
wanda ban taɓa jin muryarsa ba sai wurin kiran suna,
ya ɗaga hannu.
Ya ce, Malam, na gwada da mutum uku, ta yi.
Na gwada huɗu da ƙwayar wake, ta yi.
Biyar ma haka.
To mutum dubu fa, wa ya tsaya ya ƙirga?

Na ce littafi ya faɗa.
Ya dubi littafin, ya dube ni, ya zauna.
Zaman nan ya fi mari zafi.

Bayan la'asar na tafi majalisarmu,
gindin darbejiya, ƙofar shagon Baba Kwairanga tela.
Mu tara ne ranar.
Shayi ya huce a hannuna,
ina bin tafukan mutane da ido kamar ɓarawon zobe.
Kowa ya miƙa wa takwas, tara sau takwas,
saba'in da biyu.
To ina rabin ya tafi, wa ya cinye?

Baba Kwairanga, allura a baki, ya ce me kake gunaguni?
Na faɗa masa.
Ya zare allurar, ya yi dariya har da tari:
Kai da boko!
Da na gaishe ka, ai ka gaishe ni.
Ka sa a lissafina, ka sa a naka,
alhali gaisuwar guda ce.
Hannu ɗaya ba ya musabaha.
Ya mayar da ƙafa kan keke, ya ci gaba da wuyan riga.

Na taka gida ban ji duwatsun hanya ba.
Shekara goma sha huɗu ina rabon ruwa a kofi,
ban taɓa kai yaro bakin rijiyar ba,
ni kaina ban san zurfinta ba.

Washegari ban taɓa alli ba.
Na fitar da maza goma sha biyu fili,
na ce ku gaisa, kowa ya riƙe nasa ƙidayar.
Aka yi ta dariya, ƙura ta tashi.
Kowa ya ce sha ɗaya.
Muka tara, ɗari da talatin da biyu.
Sai Dija Manga daga inuwa ta ce,
ai kun ƙirga kowace sau biyu,
ta Tukur da Jalo tana bakin Tukur, tana bakin Jalo.

Na juya ga Lamela, na ce dubu fa?
Ya yi shiru, leɓensa na motsi.
Ya ce, ko dubu ne, Malam, hannu biyu ne dai.
Ba sai an tara su ba.

Na ɗauka an gama.
Ƙararrawa ta buga, yara sun watse wajen mai awara,
shi yana tsaye yana zane a ƙasa da tsinke.
Ya ce, idan uku-uku za su zauna cin tuwo fa,
sau nawa za mu ƙirga kowane kwano?

Na san amsar, tana shafi na gaba.
Na laluba aljihu, na ba shi guntun allina,
na zauna a bencinsa, kusa da taga.